Daɗin damana a bayan gida



Idan aka ce damana, abin da ke fara zo muku a rai shi ne gajiya. Ga shibka, ga noman fari, ga maimai. Rumbu ya kusa gindi, tiyar hatsi ta yi tsada a kasuwa, sabro ya yi yawa, yara suna masassara. Duk wannan gaskiya ne. Amma damana ba ta zuwa da wahala kaɗai. Tana zuwa da abubuwan jin daɗi waɗanda ba a biyan ko dala, kuma mafi yawansu suna nan taku goma daga ƙofar ɗakinku.

A ƙasashen Turai da Amurka, watannin Yuni, Yuli da Agusta su ne lokacin ɗumi. Sanyi da ƙanƙara sun wuce, rana takan daɗe ba ta faɗi ba, ƴan lakwal suna hutu. To, a lokacin nan mutane da yawa can sukan yi abu huɗu don su sami hutun rai. Sukan yi ƴar garka a bayan gida. Sukan zauna su kalli tsuntsaye da ƙananan dabbobin da ke shigowa gidan. Sukan tafi yawo da ƙafa cikin daji ko bisa duwatsu. Mata kuma sukan haɗa ƙyallaye su ɗinka bargo.

Watannin nan uku su ne damanarmu. Abubuwan nan huɗu kuma duk muna da su, sai dai ba mu ɗauke su a bakin kome ba. A wurinmu kuwa, ban da daɗin, akwai miya a ciki, akwai lafiyar yara, akwai kuɗin da za su zauna cikin aljihu. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Garkar bayan gida

Gona tana ba da tuwo, amma sai kaka. Garka tana ba da miya tun hatsi bai fid da kai ba. Lokacin nan ne gida ya fi bukata.

Garka ba ta son fili mai yawa. Metir 5 a tsawo, metir 4 a faɗi, ya isa gida guda. Wurin da ya fi kyau shi ne inda aka ɗaure awaki da rani, ko tsohon juji inda aka daɗe ana zuba toka da shara. Ku tsince leda da fasassun kwalabe da tsofaffin pil na tocila, don pil guba gare shi. Sa'an nan ku kewaye wurin da darni ko ƙaya. Garkar da ba ta da darni, ta akuya ce.

Mi za a shibka? Ku fara da abin da ke saurin ba da amfani.

Alayyafo ya fi kowa sauri. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka ku cuɗa shi da rairayi kafin ku watsa, kada ya tsiro a cunkushe. Cikin sati uku zuwa huɗu kun fara tsinka.

Kuɓewa, wadda wasunmu ke cewa guro, ku jiƙa irinta cikin ruwa ya kwana. Ku sa ƙwaya uku a rami, kamu ɗaya tsakanin rami da rami. In ta tsiro, ku cire raunana, ku bar ɗaya ko biyu. Wajen wata biyu za ta fara ƴaƴa. Ga sirrinta: ku riƙa tsinka kowane kwana biyu ko uku. In kun bar ƴaƴan suka ƙosa, uwar za ta juya ƙarfinta wajen yin iri, ta rage haihuwa. Abin da ya fi ƙarfin tukunya, ku yanka ku shanya. Miyar rani ke nan. Gindi ɗaya ko biyu mafi kyau, ku bar su su ƙosa, su ne irin baɗi.

Yakuwa, ku jera ta a gefe. Ganyenta miya ne, kwanson furenta abin sha ne, ƴaƴanta kuma daddawa. Kabewa, ku sa ta gindin darni ko rumfa, ta hau sama, ta bar muku ƙasa.

Kada ku manta da wake. Wata rana ku tumɓuke gindi ɗaya a hankali, ku dubi saiwar. Za ku ga wasu ƙananan ƙulalai manne da ita. Ba ciwo ba ne. Cikinsu akwai wasu halittu ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke ɗauko abincin shibka daga iska. Shi ya sa ƙasar da wake ya zauna take ƙara ƙarfi.

Sai zogale, wanda wasu ke cewa tamaka. Mutanen Jiratawa, kusa da Maraɗi, sun mai da shi sana'a, suna kai ganyensa kasuwanni. Gindi biyar sun isa gida. In ya kai ƙirjin mutum, ku sare kansa, sai ya yi rassa da yawa inda hannu ke kaiwa. Ganyensa yana da sinadarin da ake kira bitamin A. Rashin sinadarin nan ne ke kawo dundumi, wato yaro ko mai ciki su kasa gani da magariba. In za ku shanya ganyen, ku shanya a inuwa, don rana tana ƙone amfaninsa.

Wani zai ce: "Ni bayan gidana faƙo ne, ko hauya ba ta shiga." Akwai dabara. A 1989 wasu manoman Illela, cikin jihar Tawa, sun je ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake raya faƙo da ramu. Suka dawo suka gwada, abin ya bazu. Shi ne tassa. Ku gina rami mai faɗin taɗi guda, zurfinsa ma kusan haka. Ƙasar da kuka fidda, ku tara ta wajen gangare don ta tare ruwa. Ku zuba taki tafi biyu. Taki yana kiran gara, gara tana huda ƙasa, ruwa yana bin hudar ya shiga. Kun ga gara ma, wadda kullum muke zagi, tana da ranarta.

In ruwa ya ɗauke kwana goma fa? Mai ɗakin kwano yana da rijiya bisa kansa. Ga lissafi: ruwan sama milimetir 1, bisa wuri mai metir 1 a tsawo da metir 1 a faɗi, litir 1 ne. Ɗaki mai metir 5 da metir 4, in an yi ruwa milimetir 20, zai zubo da litir 400. Tano biyu ke nan, daga ruwa guda. Ku tara, amma ku rufe bakin tanon da kyau.

In tsutsa ta kama ganye, kada ku yi gaggawar sayen maganin feshi a kasuwa, wanda ba ku san ƙarfinsa ba. Ku tsinci ƴaƴan dogon yaro waɗanda suka faɗo, ku wanke, ku shanya a inuwa, ku daka. Rabin kilo na garin cikin ruwa litir 10. Ya kwana, ku tace da ƙyalle, ku yayyafa sama da ƙarƙashin ganye da marece. Ku maimaita bayan sati guda. Ganyen da za a ci, a wanke shi sosai.

Baƙin da ke zuwa garka

Da zarar garka ta yi kore, baƙi za su fara zuwa. Bayan la'asar, in kun dawo daga gona, ku shimfiɗa tabarma kusa da darni, ku yi shiru. Cikin ɗan lokaci za ku ga abin da ba ku taɓa lura da shi ba.

Babbar baƙuwa ita ce shamuwa. Kowa ya san in ta sauka bisa itacen gari, ruwa ya kusa. Amma ina take zuwa in ta tafi? Ba ɓacewa take yi ba. In kaka ta yi, sai ta kama hanyar gabas da kudancin Afirka, har ƙasashen Tanzaniya, Zambiya da Zimbabuwe, tafiyar dubban kilometir. Can damanarsu tana farawa ne daidai lokacin da tamu ta ƙare. Wato shamuwa damana biyu take ci a shekara. Amma ƙwai, a wajenmu take yin su, biyu ko uku a sheƙa. Abincinta fara ne da tsutsa. Duk farar da ta haɗiye, an rage wa gona abokin gaba. Kakanninmu sun hana a taɓa ta, kuma suna da gaskiya.

Sai kabare. Ku kalli namijin, mai rawayan jiki da baƙin kai. Yakan tsago ganyen ciyawa da baki, ya ƙulla a ƙarshen reshe, ya saƙa sheƙa mai ƙofa a ƙasa. In ya gama, ya rataya a jikinta yana kaɗa fiffike yana kira. Tamatar ta zo ta duba. In ba ta yarda ba, sau da yawa yakan warware ya sake wata. Mu faɗi gaskiya, kabare yana cin hatsi, jan-baki kuwa ya fi shi ɓarna nesa ba kusa ba. Ba kowane tsuntsu ne aboki ba. Shi ya sa yake da kyau a san su da suna, kada a haɗa mai laifi da marar laifi.

Da sassafe ku dubi furen kabewa. Iri biyu ne: wani bisa siririn kara, shi ne namiji, wani da ɗan ƙullutu a gindinsa, shi ne tamata. Kudan zuma ne ke shiga namijin, ya kwaso garin fure a jikinsa, ya kai wa tamatar. In bai kai ba, ɗan ƙullutun nan sai ya yi rawaya, ya ruɓe, ya faɗi. Mutane su ce baki ne ko ido. A'a, rashin zuma ne. Dalilin da ya sa muka ce a yi feshi da marece ke nan, lokacin da zuma ta koma gida.

In dare ya yi, masu gadi sun fito. Kwaɗo yana zaune gindin tano, yana lashe ƙwari ɗaya bayan ɗaya. Bushiya tana bin darni, tana neman tsutsa da kyankyaso. Mujiya, wadda ake tsoron kukanta, kusu take farauta, kusun nan da ke huda rumbu. Da rana kuma ga ƙadangare, ga ƙoƙi-ƙoƙi mai naɗe hannu, ga zanzaro da ke kama tsutsa ko gizo-gizo ya kai ɗakinsa na laka don ƴaƴansa. Hawainiya ma ba ta da dafi ko kaɗan. Ƙuda da fara take ci da dogon harshenta.

To, ina matsalar take? Yaranmu suna kashe su don wasa, mu kuwa muna kallo. Danƙo a wuya, dutse a hannu. Gidan da aka kashe kwaɗi da ƙadangaru, ƙwari za su yi sarauta a garkarsa, maigida ya ɗauki jika biyu ko uku ya sayi magani. Maimakon duka, ku zaunar da yaro kusa da ku, ku nuna masa kwaɗo yana aiki. Yaron da ya taɓa ganin haka da idonsa, da wuya ya sake jifa.

In kuna son tsuntsaye su saba da gidanku, ku aje fasasshen kasko a inuwa, ku zuba ruwa kaɗan. Kurciya za ta zo, da ƙananan tsuntsaye ja da shuɗi. Amma ku zubar da ruwan kowane kwana biyu, ku sake. Ga dalili: akwai baƙo ɗaya da ba mu so, shi ne sabro. Cikin ruwan da ke kwance yake ƙwai, kuma da zafin damana, sati guda zuwa kwana goma ya isa ƙwan ya zama sabro mai cizo. Ku kife gwangwanaye da tsofaffin tayoyi, ku cike ramukan tsakar gida. Kowa ya kwana cikin sange, tun ba yara da masu ciki ba. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita ran nan, kada a jira gobe.

Yawo da ƙafa

Za ku yi dariya ku ce: "Malam, mu da kullum a ƙafa muke?" Haka ne. Amma tafiyar gona daban, yawo daban. Mai zuwa gona, hankalinsa yana gaba, ba ya ganin kome a hanya. Mai yawo, hanyar ce ya fito gani.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama maimai, cikin malka, ranar da ba aiki. Ku fita da safe bayan an yi ruwa da dare, ƙasa tana ƙamshi. Ku tafi da yaro ɗaya ko biyu. In da hali, ku roƙi wani tsoho ko tsohuwa su raka ku, ko da zuwa bakin gari ne.

Mi za ku gani? Farkon damana, ga ɗan jan ƙwaron nan mai laushi kamar karammiski yana tafiya bisa rairayi. Ga buzuzu yana mirgina kashin shanu da ƙafafun baya, zai binne shi, wato yana yi wa ƙasa taki kyauta. Ga kurege, ga fakara, ga balbela tana bin garke. Ku tsaya gindin gawo ku tambayi yaro: don mi kowane itace ya yi ganye, shi kuwa ya kaɗe nasa? Gawo da damana yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka hatsin da ke ƙarƙashinsa yana samun rana, yana samun taki, ya fi na fili kyau.

Itatuwan da kuke gani cikin gonaki ma suna da labari. Bayan farin shekarun 1970, gonaki da yawa na ƙasar Maraɗi sun zama fili fetal. Daga 1983, wani malamin gona ɗan Ostaraliya, Toni Rinodo, tare da manoman yankin, suka kama wata dabara mai sauƙi. In kututture ya yi toho, kada a sassabe duka. A zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Shi ne sassaben zamani. Masana sun ƙiyasta cewa ta haka aka raya itace wajen miliyan 200, bisa hekta wajen miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba a dasa su ba, barin su aka yi.

Ku dawo da abin miya: tafasa, lalo, gasaya, yaɗiya. Ku sa tsohuwa ta nuna wa yara wanda ake ci da wanda ba a ci, da yadda ake jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki, ana sake ruwa, har ɗacin ya fita. A yunwar 1984 da ta 2005, sanin ganyen daji ya riƙe gidaje da yawa. Ilimin nan yana cikin kan tsofaffi. In ba a bi su daji ba, da su zai tafi.

Wanda ke da halin yin nisa, ƙasarmu tana da wuraren gani: tabkin Madarunfa kudu da Maraɗi, tabkin Tabalak bisa hanyar Tawa zuwa Agadas, manyan duwatsun Birnin Damagaram, tsaunin Dogon Dutsi. A wajen Kure, kilometir 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa, irin da ba su saura ko'ina a Afirka ta Yamma ba sai Nijar. A 1996 ba su kai 50 ba. Da aka kare su, a 2018 sun wuce 600, har aka ɗauki 8 aka kai dajin Gadabeji. Amma kafin ku yi nisa, ku tambayi lafiyar hanya, don akwai wuraren da ba kwanciyar hankali.

Ga kashedi kaɗan. Ku sa takalmi, ku riƙe sanda, kada ku sa hannu cikin rami. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa likita da sauri. In hadari ya taso, kada ku fake gindin dogon itacen da ke tsaye shi kaɗai. Kada ku ƙetare gulbi yana gudu. Yara kuma su bar wanka cikin tabki, nan ake ɗaukar tsargiya, ciwon fitsarin jini.

Bargon ƙyallaye

Akwai ranakun da ruwa ke wuni yana zuba, ba gona, ba kasuwa. Ranar allura da zare ke nan.

A Amurka, mata sun daɗe suna haɗa guntayen tufafi su yi bargo. Akwai wani ƙaramin ƙauye a jihar Alabama, sunansa Giz Ben. Mutanensa baƙar fata ne, jikokin bayin da aka sa noman auduga. Talakawa ne, ɗakunansu na katako, sanyi yana shiga ta ko'ina. Matan suka riƙa yanka tsofaffin wandunan aiki da buhuna, suna ɗinka barguna don yara su kwana da ɗumi. Uwa ta koya wa ɗiya, ɗiya ta koya wa jika. A 2002 aka baje bargunansu a manyan gidajen kallo na biranen Hustan da Niyok, mutane suka yi ta mamakin kyansu. A 2006 har aka buga hotonsu bisa tambur na wasiƙa. Abin da aka fara don talauci ya zama abin alfahari.

Mu ma irin wannan ɗinki ba baƙonmu ba ne. Ku tuna da lifidi, rigar yaƙin doki da mahayinsa a zamanin sarakuna. Ƙyalle sama, ƙyalle ƙasa, auduga ko audugar rimi a tsakiya, a bi da ɗinki layi-layi. Kibiya ba ta huda shi da sauƙi. Dabarar da ta tare kibiya, za ta tare sanyi. Iskar da ke maƙale tsakanin ƙyallayen ita ce ke riƙe ɗumin jiki.

Ga yadda ake yi. Ku tara guntayen atamfa daga wurin tela, da tsofaffin zannuwa da riguna, wuraren da ba su mutu ba. Ku wanke, ku shanya. Ku ware na auduga daban, don mai santsi ba ya zama da kyau. Ku yanki kwali mai kusurwa huɗu, santimetir 12 kowane gefe. Shi ne ma'auni. Ku aza shi bisa ƙyalle, ku zana, ku yanka. Ɗinki zai ci santimetir 1 a kowane gefe, saura 10.

Bargon yaro, metir 1 a faɗi, metir 1 da santimetir 20 a tsawo, yana son ƙyalle 10 a jere, jeri 12. Wato 120. In kuna haɗa 10 a rana, kwana 12 kun gama fuskar. Na babba, metir 1 da rabi a faɗi, metir 2 a tsawo, yana son 300, aikin wata guda.

Kafin ku fara ɗinki, ku jera ƙyallayen bisa tabarma, mai duhu kusa da mai haske. Nan daɗin yake. Ku matsa baya ku duba, ku sake jeri har ya kwanta muku a rai. Ku haɗa jeri-jeri, sa'an nan ku haɗa jerin da juna. Daga nan ku shimfiɗa zane lafiyayye a ƙasa, tsohon zane ko tsohon bargo a tsakiya, fuskar da kuka haɗa a sama. Ku fara ɗinki daga tsakiya zuwa baki, yatsa huɗu tsakanin layi da layi, don kada na ciki ya dunƙule in an wanke. A ƙarshe ku naɗe bakin ku kalmashe.

In mata uku ko huɗu suka zauna tare, ana hira ana ɗinki, aikin ba ya nauyi. Yau na wance, gobe na wance. Maza ma ba a hana su ba, tun da yawancin telolinmu maza ne. Watan Disamba da Janairu, in ɗari ya sauko, dare yakan yi ƙasa da digiri 15 a Maraɗi da Damagaram, yara su kama tari. Ran nan za ku gode wa ruwan malka da ya tsare ku a ɗaki. Kuma yaro zai nuna wani ƙyalle ya ce: "Inna, wannan zanen kaka ne."

Ku aje lissafin damanarku

Abu na ƙarshe. Ku ware kaye guda don damana. Ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya. Ku aje shi a fili, nesa da itace da indararo. Bayan kowane ruwa, ku tsoma abin awo na ƴan lakwal, ku ga milimetir nawa, ku rubuta da kwanan wata, ku zubar. Malaman gona sukan ce a jira ruwan da ya kai milimetir 20 kafin a shibka. A shekara, Maraɗi takan samu wajen milimetir 500, Tawa ba ta cika kai 400 ba, Gaya kuwa wajen 800. Garinku fa, nawa?

Ku rubuta ranar da shamuwa ta sauka da ranar da ta tafi, ranar da kuka shibka guro da ranar da kuka fara tsinka, da sunayen itatuwan da tsofaffi suka faɗa muku. Bayan damana uku, ku buɗe kayen ku kwatanta. Za ku san wane iri ne ya fi dacewa da ƙasarku, da kuma wane sati ne ruwa ya saba ɗaukewa.

Kada ku ce sai kun yi duka huɗun. Ku zaɓi ɗaya bana. Rami goma na guro ma farawa ne.

Allah ya ba mu damana mai albarka.

Tambayoyi

1. Don mi ake tsinkar guro kowane kwana biyu ko uku?
2. Ina shamuwa take zuwa in ta bar garinmu?
3. Mi ke sa ƙaramar kabewa ta ruɓe ta faɗi?
4. Ɗaki mai metir 6 a tsawo da metir 4 a faɗi, an yi ruwa milimetir 25. Litir nawa zai zubo?
5. Bargo mai ƙyalle 12 a jere, jeri 15, ƙyalle nawa yake so?
6. Ku rubuta sunan tsuntsaye biyar da itatuwa biyar na garinku.